Ba a Tuƙa Tuwo a Cikin Makara

Ni dai duk wanda ya shiga taksina ya ce Inna Balki mahaukaciya ce, tsayawa nake in ce ya sauka, ya riƙe kuɗinsa. Na sha yi, kuma gobe ma zan yi. Sunana Saliou, mutumin Damagaram, ina tuƙa taksi a Libreville tun gashin kaina yana baƙi, kuma a hannun matar nan na ci abincin rana shekara da shekaru. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

In ka wuce Batterie IV ka miƙi hanyar filin jirgi, akwai wani fili mai ciyawa a gefen teku, inda wani ƙaramin kamfanin jiragen daji ya taɓa kafa rumfarsa. Kamfanin ya mutu tun da daɗewa, kwanon rumfar ma ɓarayi sun kwashe. Abin da ya rage jirgi ne guda mai farfela biyu, hancinsa sama, gindinsa ƙasa, tayoyinsa sun nutse cikin yashi. 'Yan dakon da suka yi aiki da shi suka sa masa suna Jakin Sama, don ba abin da bai ɗauka ba. A ƙarƙashin fiffikensa na dama Inna Balki ta kafa murhunta da bencinanta. Nan muke taruwa, mu direbobi da 'yan dako da masu gadi, mu ci shinkafa da wake ko tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. In ruwa ya sauko, kuma ruwan garin nan ba ya yin sallama, sai mu matsu da juna muna jin yana dukan ƙarfe a bisa kanmu.

Gajeruwa ce, baƙa, 'yar Madawa, da murya wadda in ta kira ka daga murhu sai na bakin titi ya amsa. Ba kanwar lasa ba ce. Ka jingina da tayar jirgin, ka sha zagi. Ka wanke hannu ruwan ya fallatsa masa, ka sha zagi. Wani ɗan dako ya taɓa zagayawa bayansa zai yi fitsari, ta bi shi da muciya har bakin kwalta, wandonsa a hannu. Iskar teku tana cin ƙarfe, to ita kuwa duk direban da ya juye baƙin mai, sai ya kawo mata tsohon a galan, in ba haka ba ranar naman miyarsa ƙashi ne. Da tsumma take bin gaɓoɓin jirgin tana shafawa. Ta toshe tagogin da suka fashe da buhu da katako, ta kori jemagu, ta kori zanzaro, ta kori 'yan wiwi. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta.

Dalilinta kuwa kowa ya san shi, don ba ta ɓoye ba. Ta zo ƙasar nan da mijinta Idrisa, ɗan koli, ba da daɗewa da samun 'yanci ba. A lokacin ba kwalta, ba jirgin ƙasa, daji ne ya rufe ko'ina. Mai son zuwa sansanin masu yankan katako a cikin ƙasa, ko dai ya yi wata yana bin kogi, ko ya hau Jakin Sama. Idrisa yakan ɗaure ƙunshin atamfa da turare da madubai, ya shiga tare da awaki da buhunan gishiri da mata masu naƙuda, ya yi 'yan makonni ya dawo. Wata tafiya zazzaɓi ya kama shi a wani sansani wajen Booué, bai kwana biyu ba ya cika. Babu Musulmi ko ɗaya a wurin da zai wanke shi, balle a yi masa salla. Mai kamfanin ya ce ta rediyo ba a sa gawa cikin kaya. Matuƙin, wani ɗan ƙasa da Balki ba ta taɓa sanin sunansa ba, ya yi kunnen uwar shegu, ya sa aka naɗe Idrisa a tabarma aka kwantar da shi tsakanin buhuna. Da la'asar Balki ta tsaya a bakin ƙofar jirgin nan aka sauko mata da mijinta, kafin magariba an sallace shi an binne. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk ɗan kasuwarmu da ya mutu a daji, Jakin Sama ke dawo da shi, har ranar da injinsa ya ƙi tashi aka tura shi gefe.

Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba ta sake aure ba. Da aka watsar da jirgin sai ta kwaso tukwanenta ta tare a ƙarƙashinsa. Matar da ba ta taɓa hawa jirgin sama ba, ba ta san bihim a takarda ba, ita ta zama mai ba da tarihinsa. Kafin ka gama kwano ɗaya ka ji yadda yake sauka a filin laka yana zamewa, da yadda ake auna mutum da akuyarsa a sikeli guda, da matar da ta haihu a sama aka rasa garin da za a ce can aka haifi yaron. Ran Lahadi tsofaffin makanikai 'yan ƙasa sukan zo su zauna, su ci abincinta, su yi ta gardama da ita a kan wace shekara aka sauya farfelar hagu. Har mushen wata lakwal, wato malamin makaranta, ya riƙa kawo 'yan ajinsa. Ta jera su, ta buga cikin jirgin da tafin hannu, ta ce musu da Faransancinta na kasuwa, "Kakanninku a nan ciki suka fara ganin teku. Kafin hanya, wanga shi ne hanya." Yara su yi ta dariyar Faransancin, amma suna komawa gida su tambaya, a ce musu gaskiya ne.

Sai shekarar casa'in da huɗu ta shigo da karyewar sefa. Muka kwanta da kuɗinmu, muka tashi ya zama rabi, ba ɓarawon da za ka kama. Duk abin da ke zuwa ta teku ya ninka, har da tukwanen kanti. Mata suka koma wa tukunyar zubi, wadda maƙeranmu ke narka alminiyo su zuba cikin yashi. Kan ka ce kwabo, alminiyo ya zama zinariya a garin nan. Gwangwanin lemo, tsohon fistan, ƙyauren taga, duk an bi an tsince. Ni kaina sai da aka ɓalle mini marfin taya a gaban masallaci, Allah ya isa.

Babban mai zubin tukwane a unguwar Derrière la Prison shi ne Nafiou, mutumin Maraɗi. Kada in zalunce shi, ba mugu ba ne. Yana da ma'aikata da yawa, kowanne da bakunan da ke jiransa a gida, kuma wutar maƙerarsa ta fara mutuwa don ba abin narkawa. Shi ya tuna da cewa akwai wani dutsen alminiyo yana kwance a bakin teku, tsohuwa tana shafa masa mai. Ya nemo mutumin da aka ɗora wa sayar da ragowar kayan mataccen kamfanin, suka daidaita, ya saya halal ɗinsa.

Ina zaune da kwanona ranar da ya zo. Ya yi sallama da ladabi, ya ce, "Inna, barka da aiki."

"Barka kadai, Sarkin Maƙera. Tuwo ko shinkafa?"

"Inna, ba abinci ya kawo ni ba. Jirgin nan na saya. Na zo in sanar da ke da bakina, kada ki ji a bakin wani. Zan gina miki rumfa ta kwano a inda kike so, kuma tukunyar farko da za ta fito, taki ce."

Ta ajiye ludayi. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, "Maimaita, kunnena ya tsufa. Tukunyar mi?"

"Tukunyar girki, Inna."

"La'ilaha illallahu! Nafiou, uwarka ta taɓa tuƙa maka tuwo cikin makara?"

Har mai tauna ya daina. Nafiou ya ce, "Wace makara kuma? Jirgi ne."

"Abin da an ka ɗauko gawa cikinshi an ka kawo ta ga masu sallarta, mi sunanshi a garinku? Mijina ya kwanta cikin wanga ƙarfe. Ƙanen limaminku Malam Amadou ya kwanta. Mutanen da ba su da kowa sun kwanta. Kai kuma ka narka shi ka ba mata su dafa wa ɗiyansu? Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini iska."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce maganar tsofaffi ce, ya tafi. Nan ya yi kuskure, kuma kuskuren namiji ne wanda bai taɓa sayen tukunya ba. Washegari Inna Balki ba ta hura wuta ba. Ta yafa gyale ta shiga kasuwanni da unguwanni, gidan suna, gidan biki, bakin famfo. Ba ta roƙi kowa ba. Tana zuwa sai ta ɗaga sabuwar tukunya ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Ta Nafiou ce? To ki tambaye shi ko ta makara ce." Shi ke nan ta wuce. Jirgin ko ƙusa ba a cire masa ba tukuna, amma wace mace za ta tsaya bincike? Matanmu suka janye hannu, matan Kamaru suka janye, har 'yan ƙasa da suka ji bayani suka ce su ma ba su ci abin matattu. Tukwanen Nafiou suka taru a ƙofar maƙera, kaji suna kwana a ciki.

Ya kai ƙara wurin Malam Amadou, limamin masallacinmu. Malam ya zo har ƙarƙashin fiffike, ya zauna, ya yi gyaran murya, ya ce shi dai bai ga inda aka hana ba, wuta tana tsarkake ƙarfe. Inna Balki ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ce, "Allah gafarta Malam, na ji, kuma ban musa ba. To in an zuba, ta farko a kai gidanka, a yi maka tuwon sahur a ciki." Malam ya ja carbinsa. Ƙanensa ne fa aka sauko da shi daga ƙofar nan. Ya tashi ya ce al'amari ne na mata, Allah ya daidaita.

Haka aka yi ta ja har shekara ta juya. Nafiou bai yanka ba, don yana tsoron ya yanka ya rasa mai saye. Bai kuma haƙura ba, don dukiyarsa duk tana cikin jirgin. Sai ga abin da ya fi karyewar sefa. Hukuma ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da kartar zama, ko ya gyara takardunsa kafin wa'adi, ko ya bar ƙasa. Wa'adin kuma ya faɗo tsakiyar azumi. Ido ya raina fata. Mutane suka yi ta karyar da kaya, gado da rediyo da keken ɗinki a bakin titi, tashar jirgin ruwa ta Owendo ta cika maƙil. Wanda bai tafi ba ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Manyanmu suka ce kowa ya yi likimo, kada a ji muryar Bahaushe a titi har ƙura ta lafa.

Kartar Inna Balki ta daɗe da mutuwa. Kuɗin sabuntawa ya fi ƙarfin mai sayar da shinkafa da wake, balle a shekarar da shinkafar ma ta gagara. Na je har ɗakinta a Sotega na ce, "Inna, don girman Allah ki zauna gida. Ni zan riƙa leƙa miki jirgin safe da yamma."

Ta ce, "Ɗana, kai da ba ka iya tsare marfin tayarka ba?"

Na ji haushi, wallahi, amma na haɗiye. Na ce, "Ana tare motoci a kowane shatale. In aka kama ki, Nijar za a kai ki. Wa kike da shi a Madawa yanzu?"

"Ba kowa. Duk sun mutu, ko sun manta."

"To?"

"To Nafiou ma ya san haka. Yana jiran in ɓuya ne."

Gaskiyarta kuwa. Da azumi ya ɗan yi nisa, wata safiya, sai ga shi da kamiyo, babbar motar kaya, da tulunan gas da masu yankan ƙarfe. A lissafinsa tsohuwa tana ƙarƙashin gado, kuma in jirgi ya zama gunduwa-gunduwa, magana ta mutu, mata za su gaji su dawo. Ya tarar da ita zaune a kan turmi a gindin taya, ta riga shi zuwa. Ba ta yi ƙasa da murya ba, ita da aka ce kada a ji ta. Ta kira masu yankan ɗaya bayan ɗaya da sunan garuruwansu, ta tambaye su ko da azumi a bakinsu za su sa wa makara wuta. Jama'a suka taru, motoci suka tsaya kallo. Inda taro yake kuwa a kwanakin nan, nan jandarmomi suke zuwa. Wasu sun ce kiran su aka yi. Ni ban gani ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Suka tambayi takardu, masu yanka biyu suka ranta a na kare, Nafiou ya nuna tasa. Inna Balki ta kwance bakin zane ta miƙa musu matacciyar kartarta, ba ta ko yi musu magiya ba. Ta hau bayan motarsu da kanta, ta ƙi a kama mata hannu.

Kafin azahar harshen wuta ya ci kan fiffiken hagu, guntu kamar tsawon mutum ya faɗo ƙasa. Ina tsaye ina kallo, na rasa abin yi. Ni namiji, da kartata lafiya lau a aljihu, ban iya komai ba.

Matan ne suka iya. Ka san yawancinmu a garin nan gwauraye ne, iyali suna gida. Cikinmu yana hannun mata masu abinci, balle da azumi, kunu da ƙosai da tuwon dare duk daga wurinsu. Babbarsu bayan Inna Balki ita ce Zeinabou, mai kunu a Sotega, mace mai sanyin magana wadda ban taɓa jin ta yi faɗa ba. Da la'asar na biya in sayi kunun buɗa-baki, na tarar da tukwanenta a kife a ƙofar gida, murhu ba toka mai ɗumi. Na ce, "Yaya Zeinabou, lafiya?"

Ta ce, "An taɓa makara, Saliou. Gidan da ake makoki ba a hura wuta."

Na zagaya Derrière la Prison, haka. Na je wurin matan Garwa, haka. Ko'ina tukwane a kife, mata zaune a tabarma sun rufe kai, kamar an yi rasuwa. In ka yi magana su ce maka, "Sai haƙuri." Ranar nan da burodi da ruwan famfo muka sha ruwa, burodin ma da ƙyar, don masu shago rabi sun gudu. Washegari haka. Mutum ya wuni yana dako a rana da azumi, ga tsoron kamu, magariba ta yi ya rasa ko kunu mai ɗumi. Kai, yunwa ba ta san zumunci ba. Ma'aikatan Nafiou su suka fara ajiye masa kayan aiki. A masallaci aka bar masa sahu shi kaɗai, dama da hagu ba kowa. Masu yanka suka ce ko nawa zai ba su ba su komawa.

Ana haka sai ga Nafiou a tashar taksi, ya rame, idonsa ja. Ya ce, "Saliou, kai ni Owendo. Yau da yamma jirgin ruwan da zai kwashe su Inna Balki zai tashi."

Na so in ce masa ya taka da ƙafa. Amma ina son ganin ta, kuma ni kaɗai ba za a bar ni in shiga ba, shi kuwa ya san mutane. A hanya ya faɗa mini abin da ya shirya. Akwai sauran dama, in aka biya kuɗin karta da tara, aka sami mai takarda ya tsaya wa mutum, ana sakinsa. Shi zai biya, shi zai tsaya mata. Murna ta kama ni, har na kusa hawa kan wani mai kura.

Muka same su a wata babbar rumfar kaya, ɗaruruwan mutane zaune a kan ƙunshinsu, zafi kamar gidan burodi. Tana can gefe a kan ɗan buhu, ba ta da komai sai zanen jikinta da buta da wata mata ta ba ta. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan, na ga wuyanta ya zama siriri. Ta gan ni ta ce, "Ɗana, sun yanka?"

Na ce, "Kan fiffiken hagu kawai, Inna. Mata sun kife tukwane, aiki ya tsaya."

Ta lumshe ido ta ce, "Zeinabou." Sannan ta dubi Nafiou.

Ya tsuguna a gabanta, babban mutum da shi, ya cire hula. Ya ce, "Inna, na zo in fitar da ke. Yau ki kwana a ɗakinki. Kartarki a wuyana har ƙarshen ranki. Abu guda nake roƙo. Matan nan ba su jin maganar kowa sai taki. Ki ce musu kin yi kuskure, ba wannan jirgin ba ne ya ɗauko gawa, wani ne da ya daɗe da ruɓewa. Kalma ɗaya, Inna. Ina da mutane a bayana, yaransu ba su ci ba."

Ta zuba masa ido. Na san abin da take aunawa, don ta sha faɗa mana cewa ta riga ta nuna wa Malam Amadou inda take so a sa ta, kusa da Idrisa. Yanzu ga shi an buɗe mata ƙofar komawa, can kuma Madawa ba mai ko ba ta tabarma. Ni kaina, Allah ya sani, a zuciyata cewa nake, ki karɓa Inna, ƙarfe ne, ki karɓa. Har na buɗe baki na ce, "Inna..." ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Nafiou, yaran mutanenka Allah ya ci da su, ban ƙi su da alheri ba. Amma ka ce in tsaya gaban mata in ce ba daga ƙofar wanga jirgi an ka sauko mini da Idrisa ba?"

"Don a zauna lafiya, Inna."

"To wa na yi wa takaba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na tambaye ka. In ba shi ya kawo shi ba, wa an ka wanke, wa an ka binne, wa na zauna wa cikin ɗaki? Mutumin da bai san mu ba, ba addininmu guda ba, ya saɓa wa maigidanshi ya ɗauko mini mijina. Ni kuma in ce ba a yi ba, don in kwana a Sotega? Sa hularka, Sarkin Maƙera, kada rana ta buge ka. Makara ce jiya, makara ce yau. In kana da ƙarfin hali ka narka, ka ci tuwon kai kaɗai."

Aka busa usur, aka ce mata su fara tashi. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ɗauki butarta. Na ce, "Inna, me zan kawo miki daga ɗaki? Akwai lokaci, in yi gudu." Ta ce a ba Zeinabou tukwanen, sauran a raba. Ta shiga layi, gajeruwa a tsakanin dogaye, ba ta waiwayo ba. Na yi kuka a gaban jandarmomi da kowa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Muka kamo hanyar dawowa ni da Nafiou. Ya san lissafin da ni ma na sani. Mai warware maganar nan mutum ɗaya ce, kuma ga ta can ta hau ruwa da maganarta a ɗaure. Ko bayan shekara ashirin aka zuba tukunya da ƙarfen nan, ba macen da za ta ɗora ta a wuta. Da muka shigo gari ya ce, "Wuce da ni wurin Jakin Sama." Muka je, ya nemo kamiyo, ya loda tulunan gas ɗinsa da kansa, ba mai taya shi. Guntun fiffiken da aka yanke ya bar shi a nan cikin ciyawa. Bai sake taka wurin ba, kuma har yau ba wanda ya sake zuwa da wuta.

Labarin janyewar Nafiou ya riga mu isa Sotega. Kafin rana ta yi ja sai ga Zeinabou da mata, da tukwane a ka, suka hura wuta a murhun Inna Balki, suka dama kunu, suka soya ƙosai. Maza suka yi ta ɓullowa daga inda suka ɓuya, har da waɗanda ba su da takarda, wurin ya cika. Tsofaffin makanikan nan ma suka zo, ko da yake ba Lahadi ba ce. Aka miƙa wa kowa kofinsa, muna jiran kiran salla.

Sai wani ɗan dako ya nuna teku. Jirgin ruwan ne ya fito daga Owendo, yana bin gaɓa zai fita babban ruwa, bisansa baƙi ƙirin da mutane. Daga inda muke ba ka bambance kowa. Ko tana cikin masu tsayuwa a gefe, ko tana can ƙasa a zaune, ban sani ba. Malam Amadou ya duba rana ya yi kiran salla, ya juyo ya ce, "Jama'a, a sha ruwa, jinkiri ba kyau." Mutanen da suka yi kwanaki ba su ga abu mai ɗumi ba suna tsaye a ƙarƙashin fiffike, kunu yana huce musu a hannu. Ba wanda ya kai kofi baki sai da jirgin ya ɓace.